KAYAN AIKI KO ƘWAREWA: SANA'AR ƊAUKAR HOTO A KARKARAR AREWACIN KANO

1.0 Gabatarwa

A wajen nazarin sana'o'in Hausawa akan raba su gida biyu. Akwai na gargajiya, irin su noma da ƙira da saƙa da jima da dukanci da rini, akwai kuma na zamani waɗanda suka shigo bayan zuwan Turawa, kamar tuƙin mota da ɗinkin keke da gyaran rediyo. Ɗaukar hoto tana cikin rukuni na biyu. A birni ta fara, amma tuni ta sami gindin zama a ƙauyuka, har ta kai ba a cika yin biki ko suna ko walimar saukar karatu ba tare da an nemi mai hoto ba. Wannan babi zai dubi wata matsala guda da take fuskantar mai wannan sana'a a karkarar arewacin Jihar Kano. Idan ya tara 'yan kuɗi bayan kaka, shin sabuwar kyamara ya kamata ya saya, ko kuwa ya riƙe tsohuwar ya ƙara koyon aiki? Tambayar tana da sauƙin ji, sai dai amsarta ta taɓa jarin mutum da amanar jama'ar da suke ba shi aiki, wani lokaci ma har da gonar gado.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Yankin da ake nufi shi ne wanda ya tashi daga Ungogo da Dawakin Tofa da Gezawa da Minjibir, ya miƙa arewa zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi bincike a ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960, ya kuma bayyana irin cunkoson manoman da ke cikinta. Gona tana manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, da ƙarfin taki ake noma ta kowace shekara. A da, jakuna kan kai itace birni su dawo da mangalar taki. Manomi ba ya sare gawo ko ɗorawa ko kuka ko tsamiya da ke gonarsa, domin kowace tana da amfaninta. Rabon gado kuwa ya mayar da gonaki ƙanana, ta yadda gero da dawa da gyaɗa da waken da magidanci yake samu ba kasafai suke kai shi shekara ba.

Saboda haka ne sana'ar rani ta zama dole a wannan ƙasa. Wani masaƙi ne, wani mahauci, wani yana noman rani a gefen madatsar ruwa ta Watari ko ta Tomas, wani kuma yana kai hatsi kasuwar Dawanau. Mai hoto ɗaya ne daga cikin waɗannan, kuma mafi yawan lokaci shi ma manomi ne. Cinikinsa yana bin aljihun manoma. Da kaka, in an girbe an sayar, bukukuwa kan yawaita, haka ma gab da azumi da kuma ranakun salla. Da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ana neman iri da taki, aikin kan ja baya. Da damina kuwa kowa yana gona, har da shi kansa. Duk wanda zai yi lissafin sayen kyamara a nan tilas ya san cewa ba watanni goma sha biyu za ta yi tana aiki ba.

3.0 Yadda Sana'ar Ta Sauya

A zamanin fim, mai hoto a Ɗambatta ko Bichi yakan sa fim mai ɗaukar hoto 36 a kyamararsa, ya zaga gidan biki ko makaranta ko kasuwar Lahadi ta Ɗambatta, sannan ya shiga mota ya kai birni a wanke. Ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan kwana ɗaya ko biyu. In hoto ya yi duhu ko ya yi dishi-dishi, mai shi ba zai karɓa ba, asarar fim da ta wanki da ta kuɗin mota duk a wuyan mai hoto take. Wannan tsada ita ta horar da masu hoton wancan lokaci. Ba sa latsa maɓalli sai sun dubi inda rana take, sun gyara tsayuwar mutum, sun tabbatar hularsa ba ta karkace ba.

Kyamarar da ba ta amfani da fim, wadda ake kira dijital, wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya fara haɗa ta a 1975 a Amurka, amma sai a shekarun 2000 ta yaɗu a hannun masu hoto na ƙasar Hausa. Ta kawar da kuɗin fim, ta kuma ba mutum damar ganin hoto nan take. Shi kansa kamfanin Kodak, wanda ya yi suna da fim, sai da ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari a 2012. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru kuma wayoyi masu kyamara suka cika ƙauyuka. Har ila yau hoton fasfo, wanda shi ne cinikin yau da kullum na mai situdiyo, ya ragu. A rajistar masu zaɓe ta 2011 da na'urar hukuma aka riƙa ɗaukar hoton mai rajista a wurin, haka kuma ake yi a rajistar lambar banki ta BVN da aka fara a 2014, da ta lambar shaidar ɗan ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, a yau mai biki yana da kyamara a aljihunsa, ƙannensa ma haka. In ya kira mai hoto ya biya shi, yana biyan abin da shi da ƙannensa ba za su iya yi da waya ba ne. Da yawa daga cikin matasan da ke sana'ar sun fahimci wannan a matsayin kira zuwa ga babbar kyamara, wadda girmanta kaɗai zai bambanta su da masu waya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin jama'a kan girmama wanda ya zo da kaya masu kwarjini. To amma kwarjinin yana ƙarewa ne ranar da aka kawo hotuna aka baza a tabarma.

4.0 Abin da Kyamara Take Yi da Abin da Ba Ta Yi

Kyamarar masu sana'a kashi biyu ce. Akwai uwar kyamara, wato akwatin da ke ɗauke da faranti mai karɓar haske da batir da maɓallai, akwai kuma idon kyamara, wato bututun gilashin da ake ɗaurawa a gaba, ana iya cire shi a sa wani. Idan aka ce sabunta kyamara, galibi uwar ake nufi.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba da hoto. Na farko faɗin ƙofar da haske ke bi a cikin ido, wanda ake aunawa da lambobi irin su f/1.8 da f/5.6 da f/11, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Na biyu tsawon lokacin da marfi ke buɗewa, wanda bai wuce ƙyaftawar ido ba. Mutum a zaune ana iya ɗaukarsa da kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, amma doki a guje ranar hawan angwanci yana bukatar kashi ɗaya cikin 500 ko cikin 1000. Na uku kaifin farantin wajen jin haske, wanda ake kira ISO. In an ɗaga shi ana samun hoto a wuri mai duhu, sai dai hoton kan fito da tsakuwa-tsakuwa. Waɗannan abubuwa uku suna nan a tsohuwar kyamara kamar yadda suke a sabuwa, kuma wanda bai san yadda ake daidaita su a tsohuwa ba, jahilcinsa zai bi shi zuwa sabuwa.

Abin da masu talla suka fi kururutawa shi ne yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna matsayin wannan. Ana samun bugu mai kyau idan an sa ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6, wanda shi aka fi sawa a albam, yana bukatar ɗigo 1,200 sau 1,800, wato miliyan biyu da ɗoriya. Mai inci 8 da 10, na firem ɗin bango, yana bukatar 2,400 sau 3,000, wato miliyan 7.2. Kyamarar Nikon D3100 da ta fito a 2010 tana da miliyan 14, Canon EOS 600D ta 2011 kuma tana da miliyan 18. Ke nan kyamarar da ta haura shekara goma ta riga ta wuce bukatar albam da firem da kalandar biki. Hotunan da ake turawa ta WhatsApp kuwa, manhajar takan matse su ta rage ɗigonsu kafin su isa.

Wannan ba ya nufin kayan aiki ba su taɓa zama masu laifi ba. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa gidajen wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Sakamakon haka fuskar baƙar fata takan fito ba tare da kamanninta sun bayyana sosai ba, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. A nan laifin na kaya ne, ko a ce na waɗanda suka tsara kayan. Sai dai masu hoto na Afirka ba su zauna jiran a gyara ba, sun koyi yadda za su ƙara haske a fuska don su rufe giɓin.

5.0 Gano Tushen Aibin Hoto

Hanya mafi inganci ta warware tambayar wannan babi ita ce mai hoto ya ɗauko hotunan aikinsa na baya-bayan nan, ya ware waɗanda ba su yi kyau ba, ya tambayi kansa game da kowanne: daga ina aibin ya fito, daga hannu ko daga na'ura?

A ɗauki hoton ɗaurin aure, wanda akan yi da hantsi ko bayan sallar Juma'a a ƙofar gida ko harabar masallaci. Rana tana tsaka, musamman da bazara, maza sun sha fararen riguna, inuwar hula ko ta rawani ta sauka a kan idanu. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa abin da ke gabansa matsakaici ne, tsakanin fari da baƙi. Da ya ga farin shadda ya cika fili sai ya rage haske, riguna su fito da kyau, fuskoki su dushe. Matashin da bai san wannan ba zai ce kyamararsa ta tsufa. Wanda ya sani kuwa zai ƙara haske da mataki ɗaya, ko ya kunna filasha duk da cewa rana ce don ta kashe inuwar hula, ko kuma ya roƙi ango da abokansa su matsa inuwa. Ita ma inuwar akwai zaɓi a cikinta. Ta darbejiya takan zubo da haske dabbare-dabbare a fuska, don haka inuwar katanga ta fi, bakin zaure kuma ya fi duka, inda mutum zai tsaya daga ciki yana fuskantar waje, haske mai laushi ya sauka a fuskarsa, duhun zaure ya zame masa bango. Farin zane da yaro zai riƙe daga gefe yana mayar da haske kamar yadda faifan masu situdiyo na birni yake yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da ake saye da kuɗi.

Haka abin yake ga hoton da aka yanke ƙafafu ko saman hula, da wanda ya karkace, da wanda turken wuta ya fito kamar daga kan amarya ya tsiro, da wanda rabin mutane suka rufe ido. Hoton da ya yi dishi-dishi gaba ɗaya galibi rawar hannu ce, maganinsa a manne gwiwar hannu a jiki ko a ƙara saurin marfi. Mafi muni shi ne hoton da ba a ɗauka ba sam. Ɗaurin aure ba ya wuce 'yan mintoci, raɗa suna ma haka. Wanda bai san tsarin al'ada ba, bai san lokacin da waliyyi zai yi magana ko lokacin da za a shafa fatiha ba, zai tsaya yana duba hotunan baya a allon kyamara har a watse.

Akwai kuma ƙwarewar da ba ta shafi na'ura ba ko kaɗan, wato ladabi da iya magana. Dattijo ba a ce masa ya ɗaga kai kamar yadda ake ce wa yaro. Sai a russuna a ce, “Baba, a ɗan dubo nan,” ko “Allah ya gafarta Malam, a ɗan gyara zama.” A gaban hakimi ko dagaci sai an cire takalmi an yi gaisuwa kafin a ɗaga kyamara. Cikin gida kuwa, inda ake kamu da wuni da sa lalle, ba kowane namiji ake bari ya shiga ba, kuma ba kowace mace ce take son a ɗauke ta ba. Wannan ya sa mace mai hoto, ko da ƙaramar kyamara gare ta, tana iya samun aikin da namiji mai kayan miliyoyi ba zai samu ba. Riƙon amana ma jari ne. Mai hoton da aka taɓa ganin hoton matar wani ya fita daga hannunsa ya shiga wayoyin samari, ya gama sana'a a wannan gari, kome tsadar kyamararsa.

Aibin da ke fitowa daga na'ura yana da alamominsa. In ɗigo baƙi yana bayyana a wuri guda a kowane hoto, musamman a sararin sama, ƙura ce ta hau faranti. Wannan ruwan dare ne da hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari, kuma yakan faru ne idan ana sauya ido a fili. Shara yake bukata a wurin mai gyara. In hotunan cikin ɗaki da na dare ne kaɗai suke fitowa da tsakuwa, to haske ne bai isa ba, kuma a nan ma akwai matakai kafin a kai ga sabuwar uwa. Idon da ake sayar da ƙananan kyamarori da shi yakan tsaya a f/5.6 idan an jawo abu kusa, alhali ido mai milimita 50 da f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Filasha ta ɗorawa, wadda ake juya kanta, ita ma tana sauya hoto ƙwarai idan aka harba haskenta a farin bango ya dawo. Sai dai a lura, a ɗakin soro mai rufin azara hasken ba ya dawowa daga sama, dole a nemi bango ko farin ƙyalle. Batir na biyu da ƙaramin faifan sola kuwa, a ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas, sun fi kowace sabuwar fasaha ceton aiki.

6.0 Misalin Masu Hoto Biyu

Tarihin sana'ar a Afirka ta Yamma yana da abin da zai ƙara haske a kan wannan batu. Seydou Keita na Bamako a ƙasar Mali ɗan kafinta ne, kuma kafinta ya fara koya. A 1935 kawunsa ya kawo masa tsarabar ƙaramar kyamarar Kodak Brownie daga Senigal. Ya buɗe wurin aikinsa a 1948, a tsakar gida, da hasken rana yake aiki, kuma zanen gadonsa ne ya fara ratayawa a matsayin bango. Saboda tsadar kaya, sau ɗaya yakan ɗauki kowane mutum. Gwanintarsa tana wajen zaunar da mutum: yadda za a karkata kafaɗa, inda za a ajiye hannu, yadda za a baza riga adonta ya fito. Ya rasu a 2001, bayan an baje hotunansa a manyan gidajen nuni na Turai da Amurka.

Na biyu ɗan Nijeriya ne, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930. Shi ma da Brownie ya fara a 1950. A 1954 ya sami aiki a ɗakin wanke hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan, inda ya koyi aikin daga tushe. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014. Abin da ya ɗaukaka aikinsa shi ne ya ga daraja a abin da kowa yake gani kullum bai kula ba, ya kuma dage a kansa shekara da shekaru.

Ba daidai ba ne a ce waɗannan mutane sun dawwama a kan Brownie. Dukansu sun koma ga manyan kyamarori, Keita ma da mai babban dodon hoto, santimita 13 da 18, ya yi mafi yawan aikin da aka san shi da shi. Abin dubawa shi ne jerin yadda abin ya zo: hannu ya fara gogewa, aiki ya yi yawa, sannan kaya suka biyo baya. Wannan jeri ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Yaron maƙeri da zuga yake farawa, ya daɗe yana kallon launin ƙarfe a wuta kafin a miƙa masa masaba. Ɗan koyon ɗinki yakan yi watanni yana sa maɓalli da guga kafin ya hau keke, kuma sai ranar yaye ake maganar ya mallaki nasa. Sana'ar hoto ta zamani ta raunana wannan tsari, domin yaro yana iya sayen kyamara yau, gobe ya buga kati ya kira kansa mai hoto.

7.0 Lokacin da Saye Ya Zama Wajibi

Akwai halin da riƙe tsohuwar kyamara ganganci ne. Marfin kyamara yana da iyakar bugu, a ƙananan kyamarori da yawa kamfanoni kan ƙiyasta kusan 100,000. In ya fara sarƙewa, ko kyamara ta fara mutuwa a tsakiyar aiki, to ba a fafe gora ranar tafiya, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. Haka kuma in masu biki sun koma neman bidiyo tare da hoto, tsohuwar kuwa ba ta yi ko ba ta yin mai kyau, kuma mai hoto yana iya ƙirga ayyukan da suka kuɓuce masa saboda haka. Wanda ya kai matsayin ɗaukar naɗin sarauta ko taron yaye ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, yana da hujjar neman kyamara mai ramin mimori biyu, don in ɗaya ya lalace ɗayan ya tsira da aikin.

Ko a nan sai an yi lissafi. A ƙaddara, don misali kawai, uwar kyamara ta kai naira 600,000, ribar da ke saura a kowane biki bayan an cire kuɗin wanki da na mota kuma naira 15,000 ce. Sai an yi biki 40 kafin kuɗin su dawo. In a shekara biki 20 ake samu, shekara biyu ke nan ana yi wa kyamara aiki. Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce, shin sabuwar za ta ƙara yawan bukukuwan ko farashin kowanne? In masu biki ɗaya ne, aljihunsu ɗaya ne, to kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Kyamara kuma kayan waje ce, da dala ake shigo da ita. Bayan da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan hoto suka bi ta.

Wani abin da ake mantawa shi ne saye yana jawo saye. Daga 2018 kamfanonin Canon da Nikon suka fitar da sabon tsarin kyamara marar madubi mai bakin ɗaura ido na daban. Wanda ya koma can sai ya sayi mahaɗi kafin tsohon idonsa ya hau, sau da yawa kuma batir da mimori ma sababbi ne, hotunan sun fi nauyi, tsohuwar kwamfuta ta fara nishi. A ɗaya ɓangaren, wannan ƙaura ta sa masu hoto da yawa a duniya sun saki tsofaffin kyamarorinsu masu kyau, don haka na hannu sun yawaita. Mai sayen ta hannu ya guji cinikin biri a sama: ya riƙe ta, ya duba yawan bugun da marfinta ya yi, ya ɗauki hoton farar takarda ya ga ko faranti yana da tabo, ya haska ido da tocila ya ga ko ya yi fumfuna.

Daga ina kuɗin za su fito, wannan ma ɓangare ne na hukunci. Kuɗin adashi ko ribar da sana'ar ta tara da kanta abu ne mai sauƙi. Sayar da ragon kiwo ko sa na huɗa ya fi nauyi. Jinginar da gona kuwa, a ƙasar da fili ya yi ƙarancin da aka bayyana a baya, musanya ce ta abin da darajarsa ke hawa da abin da darajarsa ke sauka tun ranar da aka fito da shi daga kwali. Gonar da aka jinginar ba kullum take dawowa ba.

8.0 Amfanin Batun ga Malamin Hausa

Ta fuskar harshe, wannan sana'a fage ce mai kyau ta nazarin aron kalmomi da faɗaɗa ma'ana. Hoto da kyamara da fim da filasha da situdiyo duk aro ne daga Ingilishi, an yi musu kwaskwarima sun dace da tsarin sautin Hausa. A gefe guda kuma harshen ya ɗauko nasa kalmomin ya ɗora musu sabon aiki. An kira baƙin fim dodon hoto, saboda yadda yake juya kamannin mutum, fari ya koma baƙi. An ce wanke hoto domin a da cikin ruwan magani ake tsoma takarda, kuma har yau ana cewa a wanko hoto ko da firinta ce za ta fitar da shi ba tare da ɗigon ruwa ba. Ita kanta kalmar hoto ta sami ma'ana ta biyu, kamar a ce wane hoto ne kawai a ofis, wato yana nan amma ba shi da ta cewa.

Ta fuskar aiki kuwa, ɗalibin da ke shirin zama malami zai bukaci hoto a binciken kammala karatunsa da kuma a aji. Darasi a kan ƙira ko saƙa ya fi zama a zuciyar yara idan sun ga uwar maƙera da zugazugi da ƙoshiya da allira, gani kuwa ya kori ji. Ɗalibai da yawa kan ba da uzurin rashin kyamara, alhali wayar da ke hannunsu ta wadatar. Don gwada abin da aka tattauna, ɗalibi zai zaɓi mai sana'a guda a garinsu, ya nemi izininsa, ya ɗauki kayan aikinsa da waya ɗaya sau uku a rana guda: da hantsi, da tsakar rana, da kuma bayan la'asar. Zai rubuta sunan kowane kayan aiki kamar yadda mai sana'ar ya faɗa, ya kawo hotunan aji, a jera su a tantance wanne ya fi fito da siffar abin da dalilin da ya sa.